Kumatun Tsinke

Tsinke ake ce mata tun tana yarinya, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Doguwa ce siririya, idan ta tsaya a rana inuwarta ba ta isa ɗan tsako ya fake ba. Yayyenta sukan ce kada a aike ta ranar da ake iska, don ba wanda ya san garin da za a je a ɗauko ta. Ita dariya take yi, abin bai taɓa hana ta barci ba. Wadda ya tsaya wa a rai ita ce Inna, mahaifiyarta.

An haifi Tsinke ne a shekarar da mahaifinsu ya rasu, shekarar da tukunya kan wuni a kife. Nonon Inna ya ƙafe da wuri. Sauran 'ya'yan duk sun yi jiki abinsu, wannan ta ƙarshen ce kaɗai ta fito haka, sai Inna ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta. Duk wanda ya ce mata halitta ce, ya ɓata yawun bakinsa. Ta bi yarinyar nan da kwano tun daga yaye har bayan aure, tana cewa, "Ni na cuce ki, 'yar nan. Ƙara loma ɗaya." Tsinke kuwa tana ci kamar kowa, wani lokacin ma fiye da kowa, amma abincin sai ka ce rami yake faɗawa.

Ta koyi ɗinki, ta kama shago a ƙarƙashin wani bene, ɗan ɗaki mai taga guda. Keken ƙafa ne a gabanta, da teburin yanka, da dogon madubi wanda gefensa ya fara cin tsatsa. Yadudduka na rataye a igiya ta jikin tagar. Da la'asar idan rana ta biyo ta cikinsu, bangon shagon yakan rine, nan ja, can shuɗi, can ruwan ganye, har hannuwanta su canja launi a kan keken. A irin wannan lokaci ƙafarta kan yi ta taka keke ita kaɗai, hankalinta kuma ya tafi yawo inda ba ta iya ba da labari.

Abin da ya kawo mata mutane shi ne ta iya ɓoyo. Kowace mace da ta shigo shagon nan tana tafe da abin da ba ta so a gani, wata tumbi, wata gajeren wuya, wata kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya hawa. Tsinke ba ta tambaya. Sai ta zagaye mace da tef ɗin awo, ta ɗan karkata kai, ta ja alli a kan yadi. Ranar karɓa mace ta tsaya gaban madubi ta yi ta neman abin nan ta rasa inda ya shiga.

"Ai yana nan, ban cire ba," in ji Tsinke. "Ido kawai na ɗauke daga nan na kai can."

Mijinta direban motar haya ne, mutum mai sanyin hali wanda ko hon ba ya son dannawa. Da idanun Inna suka yi yana, gani ya ƙi, shi ne da kansa ya je ya kwaso kayanta ya ba ta ɗakin da ke kusa da ƙofa. Tun daga nan gaisuwar safe ta koma ta hannu. Tsinke za ta durƙusa, Inna ta miƙo tafuka biyu ta shafa goshi, ta bi ƙashin kunci, ta sauko haɓa, sannan ta yi ajiyar zuciya ta tambayi abin da aka karya da shi.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya har Tsinke ta ba arba'in baya. Sai kumatu suka zo.

Ba dare ɗaya suka zo ba, a hankali suka taru, yadda ruwa ke taruwa a kwano ƙarƙashin famfo mai ɗiga. Fuska ta cika, ta yi zagaye, ta yi wani ja-ja mai sheƙi. Wuya ya ɓace. Mu kuwa ka san mu, da mun ga kumatu sai mu ce lafiya ta samu, ba ma tambayar daga ina. Matan layi suka yi ta shigowa kallo.

"Iye! Hutu ya zo. Tsinke, ke ce kuwa?"

"Wace Tsinke? Ku gyara bakinku, Hajiya ce."

A tasha abokan Direba suka sa shi gaba, wai ya faɗa musu abin da yake ba ta. Bawan Allah bai ƙara komai a cefane ba, amma sai ya riƙa gyara zaman hula yana murmushi kamar mai wani sirri.

Wata safiya hannuwan Inna suka tsaya a kan kumatun nan, suka daɗe. Wata maƙwabciya da ta shigo aron dutsen guga ta ce, "Inna, kin ji abin arziki ko? Addu'arki ta ci." Inna ta janye hannunta a hankali ta ce, "Alhamdu lillahi." Daga ranar ba a sake jin ta ce ta cuci kowa ba, kwano ma ta daina bi da shi. Tsinke ta fita tsakar gida ta yi kukan daɗi a bayan igiyar shanya. Tunda take ba ta taɓa ba uwarta wani abin kirki ba, sai ga shi ta ba ta kwanciyar rai, kuma ba da kuɗi ta saya ba.

Gaskiyar magana, ita ma tana son fuskar. Mace ta shekara arba'in ana kiranta Tsinke, rana ɗaya a ce mata kin yi kyau, ai ba dutse ba ce. Idan ba kowa a shago takan tsaya gaban madubi ta daɗe, tana kallon matar nan mai cikar fuska kamar wata babbar baƙuwa da ta zo awo.

Sai dai tela ba ta iya yi wa tef ƙarya. Ciki na ƙaruwa, hannuwa da cinyoyi na ragewa. Wani tudu ya fito mata a bayan wuya. Idan ta ɗan bugi gefen tebur sai wurin ya yi baƙi ya kwana biyu bai washe ba, tsinin allura kuwa sai ya zama ɗan miki. Wasu zane-zane masu duhu suka fito mata a ciki, faffaɗa, irin waɗanda ko haihuwa ba ta bar mata ba. Ta ga duk wannan, kuma ta yi abin da ta fi iyawa. Ta zauna ta yanka wa kanta riga mai tsayayyen wuya da ke rufe tudun, da faffaɗan hannu har wuyan hannu, da tattara tun daga ƙirji wadda ke zubowa har ƙasa. Fuska kaɗai ta bari a waje. Tunda ta fara taka keke ba ta taɓa ɗinki mai kyan wannan ba. Kafin wata ya zagayo, mata sun fara kawo yadi suna cewa a yi musu irin ta Hajiya.

Rigar nan ta rufe idon layi, ta rufe na Direba, har asibiti ta je ta yi aikinta. Da hawan jini ya kama ta aka ba ta ƙwaya. Da suga ya biyo baya aka ƙara mata wata, aka ce ta rage ci. Shekaru suka shuɗe a haka. Sai ranar da ta faɗa hannun wata likita mai farin gilashi, wadda ta lura cewa Hajiyar nan sai ta dafa tebur da hannu biyu kafin ta iya tashi daga kujera. Likita ta ja labule ta ce ta tuɓe. Ta dubi siraran ƙafafun, ta dubi cikin, ta ɗaga rigar da ke rataye ta juya ta.

"Hajiya, wa ya ɗinka miki wannan?"

"Ni ce, Likita."

"To sannunki da aiki. Kin ɓoye mana ke."

Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka kwantar da ita aka zura ta cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya aka ɗauki hoton cikinta. Ranar sakamako Likita ta zaunar da su ita da Direba, ta juyo musu hoton, ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan dunƙule.

"A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula. Aikinta ta riƙa sakin wani sinadari cikin jini, kaɗan-kaɗan. Shi ke tashin mutum da safe, shi ke riƙe shi idan ciwo ko tsoro ya zo. Taki ta hagu ƙari ya fito mata, sai ta buɗe famfo ta ƙi rufewa. Shi ya kawo hawan jinin, da sugan, da wannan fuskar. Naman cinyarki yake ci, yana kuma cin ƙashinki."

"Ta daman fa?" in ji Direba.

"Ita da ta ga an yi mata aikin har ya yi yawa, sai ta kwanta barci. Ƙarin nan bisa ga alama ba mai yaɗuwa ba ne. Za mu huda ƙananan ƙofofi a gefen ciki, mu shiga da 'yar kyamara, mu cire ta hagun gaba ɗaya. Bayan nan za ta riƙa shan ƙwaya kullum, ba fashi, har mai barcin ta farka ta karɓi aiki."

Direba ya yi hamdala. Tsinke kuwa tambaya ɗaya ce a bakinta.

"Kumatun fa, Likita?"

"Za su tafi. Ba naki ba ne dama."

A mota ta ce ba yanzu ba. Direba ya gangara gefen titi ya kashe inji, abin da ba ya yi ko fasinja ya roƙe shi.

"Ke wai kumatu ne za su kashe ki? Ni da na aure ki a Tsinke, na ce miki ban gode ba?"

"Ba kai ba ne, Malam. Inna ce. Shekara nawa ta rage mata? In je in ƙwace mata abin da ta jira duk rayuwarta, ta koma tana cewa ta cuce ni har ta shiga kabari? Bari ta gama kwanakinta da daɗin rai, sannan a yanka ni yadda ake so."

"Idan kuma kin riga ta fa?"

Ta sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa Inna ba, shi kuma da sanyin halinsa ya yi.

Watannin da suka biyo baya kamar a cikin ruwa ta yi su. Barci ya ƙaurace mata, don haka da rana takan zauna gaban keke ido buɗe tana mafarki. Ƙafa ta daina taka keke ita kaɗai, sai an lallashe ta. Sau da yawa tunaninta kan tafi wurin 'yar tsokar nan ta dama. Takan ga kamar wata yarinya ce ta naɗe a ɗan ɗaki mai duhu, ta ja mayafi har ka, shekara da shekaru ba wanda ya leƙa ya ce mata tashi. Wani lokacin tausayinta take ji, wani lokacin kuma kishi, don ita ma da za ta samu irin wannan barcin, da ta yi shi.

Wata la'asar almakashi ya zame ya faɗi ƙarƙashin tebur. Ta sunkuya ta ɗauka, sai ta ji ƙas a tsakiyar bayanta, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Ba ta iya miƙewa ba. Nan ta zauna a ƙasa, launukan yadi na yawo a bango, har mai shagon kusa ta jiyo nishinta ta kira Direba. A asibiti aka ce ƙashin baya ne ya ɗan ruguje don ya yi laushi. Likita ba ta yi faɗa ba, gilashinta kawai ta cire ta ce, "Na gaba ba mu san wanne ba ne." Tsinke ta ce a sa ranar tiyata. Aka gaya wa Inna ciwon baya ne za a duba.

Da safe aka tura ta ɗakin tiyata, fitilun silin na wucewa ɗaya bayan ɗaya a samanta. Aka ce mata a gefen dama za ta kwanta, hagun na sama. Wani mai rufaffen baki ya ce ta ja numfashi sosai. Sai ta ga shagonta ya yi faɗi ba iyaka, wani farin yadi na ta shigowa ƙarƙashin allura, ba farko ba ƙarshe, ƙafarta na taka keke ba nauyi ko kaɗan. Tana cikin neman inda za ta juya kalmasa ta ji ana kiran ta, ana cewa an gama.

Da ta samu ƙarfin ɗaga riga, ɗinkin ta fara dubawa. Ƙananan wurare ne a jere a gefen ciki, kowanne bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ta ce wa nas, "Hannunsu ba laifi, amma wannan na ƙasan sun ja zare da yawa." Nas ta yi dariya har ta dafa gado.

Ta zaci da an cire shi ke nan, ashe nan aikin ya fara. Jikin da ya saba da ambaliya aka mayar masa da ɗigo. Gaɓoɓi suka yi ta ciwo, kasala ta danne ta, abinci ya fita ranta. Kowace safiya takan haɗiyi ƙwayarta, ta dafa gefen damanta ta ce, "Malama, gari fa ya waye." Shiru. Likita ta ce a yi haƙuri, wadda ta daɗe tana barci ba a tashinta da tsawa. Aka riƙa rage ƙwayar kaɗan-kaɗan, ana auna jini. Hawan jini ya sauka, suga ya lafa. Wata rana ta tashi daga tabarma ta kai bakin ƙofa kafin ta tuna ba ta dafa komai ba. Bayan dai bai koma daidai ba, ya rage mata tsawo, kuma har yau idan hadari ya haɗu yana gaya mata.

Kumatu kuwa suka kama hanya yadda suka zo, a hankali. Matan layi suka koma yi mata sannu da muryar jaje, yanzu da take samun lafiya. Wannan bai dame ta ba. Hannun Inna take gudu. Ta ce an hana ta durƙuso saboda baya, sai ta riƙa gaisuwa daga bakin ƙofa. Da wannan ya tsufa ta ce haƙori ke damunta, ta naɗe fuska da gyale. Wani lokacin ta shigo da tire a hannu, ta ajiye ta fice da sauri wai ta bar abu a wuta. Inna kuwa amsa gaisuwa kawai take yi ta mayar da hannuwanta kan cinya.

Ranar da Likita ta ce mai barci ta fara motsi, Tsinke ta dawo gida da hantsi, zuciyarta fes, har ta manta da kanta. Ta shiga ɗakin Inna ɗauko kofin shayi, ta sunkuya kusa da gado. Sai ji ta yi an kama wuyan hannunta. Tsohuwa ce, amma riƙon ba na wasa ba ne.

"Zauna."

"Inna, na bar..."

"Ba ki bar komai a wuta ba, hancina lafiyarsa lau. Zauna, na ce."

Ta zauna a bakin gado. Inna ta warware gyalen da kanta. Tafukan nan biyu suka hau goshi, suka gangaro, suka tarar da ƙashi inda suka saba tarar da tsoka. Tsinke ta runtse ido. Ta shirya jin kuka, ta ma shirya ƙaryar da za ta yi, cewa ciwon baya ne ya ɗan zabge ta kuma za ta mayar. Yatsun suka yi ta kai da kawowa a kan kuncinta, suka shafa gefen hanci, suka koma suka sake farawa.

"Ina kika shiga?" in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Ina nan, Inna. Kullum ina nan."

"Muryar taki ce, na sani. Amma hannuna bai taɓa yarda ba. Kullum da safe sai a kawo mini fuskar wata mata, in shafa, in ce an tashi lafiya. Ni da ba ido gare ni ba, fuskar nan kaɗai ta rage mini a cikin 'ya'yana, ita ma aka canja mini."

"To ai ke kika ce alhamdu lillahi!"

"Me zan ce? Na ji kowa na murna, na ji kina dariya irin wadda ban taɓa jin kin yi ba. Na ce tunda tana so, ni wace ce."

Haushi ya taso wa Tsinke, na kanta da na tsohuwar nan, da na ƙashin bayanta da ya tafi a banza. Dariya ta biyo bayan haushin, kafin ta gama fita ta zama kuka. Ta so ta ba da labarin ƙarin, da tiyatar, da watannin da ta yi tana ja da Likita, amma Inna ta riga ta saki fuskar. Tana ta kiciniyar juya mata baya, tana ɗage rigarta ta ƙeya.

"Tunda kin dawo, sosa mini nan. Tsakiya, inda hannuna ba ya kaiwa. Tun yaushe nake so in ce, ina jin nauyin waccan Hajiyar."

Tsinke ta zura hannu ƙarƙashin rigar. Bayan ya bushe, duk ƙashi, ya ƙanƙance fiye da yadda ta sani. Ta fara sosawa, hawaye na sauka a kan zanen gado.

"Sama kaɗan," in ji Inna. "Yauwa. Nan."